Yadda Ake Amfani da Kalmar "Murky" ta Turanci Ba Tare da Dagula Ma'ana Ba

Wanda aka koya wa cewa *murky* na nufin "mai datti" an ba shi rabin ma'ana, kuma rabin da aka ba shi shi ne wanda ya fi jefa mutum cikin kuskure. Da wannan fahimtar ne ɗalibi kan rubuta *my shirt is murky* yana nufin rigarsa ta yi dauɗa, mai jin Turanci kuwa ya rasa inda zancen ya dosa. Kalmar ba ta dauɗar da ke saman abu ba ce. Ta abin da ido ke ƙoƙarin ratsawa ne ya kasa: ruwan da ba a ganin gindinsa, sararin da ba a hangen nesa cikinsa, lamarin da ba a gane kansa. Datti na iya zama sanadin hakan, amma toshewar gani ita ce ma'anar.

Asalinta ma ya nuna haka. Ta fito ne daga *murk*, tsohuwar kalma mai nufin duhu, 'yar'uwar *myrkr* ta tsohon harshen mutanen arewacin Turai. Har yau a Denmak da Norwe *mørk* na nufin mai duhu, a Suwidin kuma *mörk*. A wasan kwaikwayon Macbeth na Shakespeare, na farkon ƙarni na 17, lokacin da matar Macbeth ke yawo cikin barci tana goge jinin da take gani a hannunta, ta ce *Hell is murky*. Duhun jahannama take nufi, ba ƙazantarta ba. Idan ka riƙe wannan, sauran duk mai sauƙi ne.

Fara da bakinka da alƙalaminka

Gaɓa biyu ce, ƙarfin murya yana kan ta farko. Wasalinta irin na *bird* da *work* ne, kuma tana amsa amo da *turkey*. Mafi yawan mutanen Ingila ba sa furta "r" ɗin, sai su ja wasalin. Amurkawa suna furta shi. Kowanne ka ɗauka daidai ne. Abin da za ka kiyaye shi ne gajarta wasalin, don idan ka gajarta shi ka faɗi wata kalma dabam, *mucky*, mai amsa amo da *lucky*, wadda ke nufin abin da ya yi kaca-kaca da laka ko kashin dabbobi. Takalmin da aka shiga garke da shi da damina *mucky* ne. Harafi ɗaya ne tsakaninsu a rubuce, kuma da yake duka biyun suna zagaye da ƙazanta, mai sauraro ba lallai ya gane cewa kuskure ka yi ba, sai ya ɗauki ma'anar da ba ka nufa ba.

A nahawu sifa ce. Tana zuwa gaban suna, *murky water*, ko bayan aikatau irin su *be*, *look*, *turn*, *grow* da *remain*: *the river turns murky in August*. Wajen kwatantawa "y" na komawa "i": *murkier*, *murkiest*. Kada ka haɗa *more* da *murkier*, ɗaya ya isa. Sunanta *murkiness*, ba shi da jam'i. Akwai kuma *the murk*, wanda marubuta ke amfani da shi ga duhun hazo ko na ƙarƙashin ruwa: *a lorry appeared out of the murk*. Bayanau ɗinta *murkily* yana nan, amma da wuya ka buƙace shi. Abin da ba ta da shi shi ne aikatau. Ba a cewa *he murkied the water*. Idan dagulawa kake nufi, *muddy* ce ke yin wannan aikin, *he muddied the water*, ko ka ce *stirred up*.

Gwajin kofi

Hanya mafi sauri ta zaɓen kalma ga ruwa ita ce ka sami kofin gilas, ka cika shi, ka ɗora a kan takarda mai rubutu, ka leƙa ta sama. Idan haruffa sun fito garau, ruwan *clear* ne. Idan kana ganinsu dishi-dishi, kuma ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga masa madara, *cloudy* ne. Idan rubutun ya ɓace, ruwan ya yi duhu, ja-ja ko kore-kore, ba ka san abin da ke ciki ba, wannan shi ne *murky*. To, ajiye kofin awa biyu ko uku. Idan laka ta kwanta a gindi har za ka iya lakato ta da yatsa, sama kuma ya washe, ka san sanadin, kuma kana iya kiransa da sunansa, *muddy*.

Bambancin waɗannan biyun na ƙarshe shi ne wanda ya fi amfani. *Muddy* tana gaya maka abin da ke cikin ruwan, wato laka. *Murky* tana gaya maka abin da idonka ya kasa yi, ba ta faɗi dalili ba. Kududdufin da gansakuka ta rufe, ruwansa ya koma kore, *murky* ne amma ba *muddy* ba. Hanyar ƙauye bayan ruwan sama *muddy* ce amma ba *murky* ba, don babu abin da ake ƙoƙarin hangowa cikinta. Gulbi a watan Agusta, ya ciko ya kwaso jar ƙasa, ya cancanci duka biyun. Wanda ka zaɓa ya danganta da abin da kake son mai karatu ya ji. Manomi mai maganar ban ruwa zai ce *muddy*. Mai neman yaron da ya nutse zai ce *murky*, domin damuwarsa ita ce ba a ganin komai a ƙasa.

Akwai ta uku, *turbid*, daga Latin, daga tushe mai nufin hargitsi. Ita ce ta ma'aikatan ruwa da ɗakin gwaji. Ba za ka ji mutum a gida yana cewa ruwan randa *turbid* ne ba, amma a rahoton rijiyar burtsatse ko na matatar ruwa ita ake so, tare da sunanta *turbidity*, saboda abu ne da ake aunawa. Ma'auninsa NTU, kuma na'ura ce ke haska ruwan ta auna yawan hasken da ƙwayoyin da ke yawo ciki suka warwatsa. Ido kan fara lura da dagulewa idan ta kai wajen NTU 4. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta sa iyaka a 5, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fi son a sauko ƙasa da 1 kafin a sa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, saboda ƙwayoyin kan fake a jikin ɓarɓashin laka, sinadarin ya kasa kai musu. Shi ya sa ake barin ruwa ya kwanta, ko a tace shi, ko a zuba masa garin ƙwayar zogale, kafin a sa magani. A tafki da teku kuwa har yau ana amfani da faifan da wani malamin taurari ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya ƙirƙiro a 1865: a ɗaure faifai da igiya, a riƙa sassauta shi cikin ruwa har ya ɓace wa ido, a auna tsawon igiyar. Wannan faifan shi ne ma'anar *murky* a aikace. Idan kana rubuta rahoto, ka ce *turbidity was 12 NTU*. Idan kana ba da labari, ka ce *the water was murky*. Kuma ka duba rubutunka sau biyu, don *turgid* na nan kusa, mai nufin kumburarre, ko rubutu mai kumbura da nauyin karantawa. Hatta masu Turanci a matsayin harshen uwa suna rikita su.

Inda "gurɓatacce" ke yaudara

Hausa na amfani da "gurɓata" ga ruwan da aka dagula, tana kuma amfani da ita ga ruwan da guba ko cuta ta shiga. Turanci ya raba su, kuma mai fassara da bai raba ba zai faɗi abin da ba haka yake ba. Ruwan da ke ɗauke da cuta ko guba *contaminated* ne. Wanda masana'anta ko kwata ta ɓata *polluted* ne. Babu ɗaya daga cikinsu da ke nufin ba a gani ta cikinsa. A Bangaladash miliyoyin mutane sun sha ruwan rijiyoyin burtsatse mai haske garau wanda ke ɗauke da gubar asanik. Wannan ruwa *contaminated* ne, ko kusa bai zama *murky* ba. Kogin Tems da ya ratsa Landan kuwa har yau ja-ja yake, saboda cikowa da janyewar teku na tayar da lakar gindinsa kullum, alhali ya fi tsabta nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da 1957, lokacin da aka ce wani ɓangarensa ya mutu, babu halittar da za ta rayu ciki. Yanzu kifaye sun dawo, amma marubuta ba su daina kiransa *murky* ba, kuma ba su yi kuskure ba.

Wanda ya yi karatun tsarki ya riga ya san wannan rabe-raben. Ruwan da ƙasar da yake zaune a kanta ta canza masa launi ana alwala da shi, ruwan da najasa ta canza kuwa ba a yi. Na farko *murky* ne kawai. Idan za ka fassara najasa, *dirty* ma ba ta isa ba, *impure* ko *ritually unclean* ake cewa.

Dauɗar saman abu

Duk abin da za ka iya wankewa, ko gogewa, ko kankarewa, ya fita daga hannun *murky*. A nan akwai jerin kalmomi, kowace da wurinta. *Dirty* ita ce ta kowa da kowa, riga, hannu, kwano. Idan abin ya wuce hankali har yana tayar da zuciya, kamar bayan gidan tasha, *filthy*. Dauɗar da ta daɗe ta manne, maiƙo da hayaƙi da ƙura suka haɗu, irin ta bangon madafi da kunkunniya ta kama ko rigar bakanike, ita ce *grime*, sifarta *grimy*. Ɗakin da ba shi da haske, fentinsa ya koɗe, labulensa ya yi dauɗa, *dingy* ne, ana furta ta "din-ji". Idan ka ce "din-gi" ka koma maganar ƙaramin kwale-kwale, *dinghy*. Matsugunin da talauci da rashin kula suka mayar abin tausayi kuma *squalid* ne, kalmar da rahotannin gidajen yari da sansanonin gudun hijira suka fi amfani da ita.

Ga wani tarko da Hausa da kanta ke ɗanawa. "Datti" aro ce daga *dirty*, amma da ta shigo Hausa sai ta zama suna: "ya yi datti", "akwai datti". A Turanci *dirty* sifa ce. Shi ya sa ake jin *there is dirty on the floor* ko *pack the dirty*, waɗanda ba sa karɓuwa a rubutun jarrabawa ko na ofis. Sunan shi ne *dirt*, kuma ba a yi masa jam'i, babu *dirts*. Idan shara kake nufi, mutanen Ingila na cewa *rubbish*, Amurkawa *trash* ko *garbage*, takardun hukuma *refuse* ko *waste*.

Launi ne kaɗai wurin da *murky* ke hawa saman abu. *A murky green* ko *a murky brown* na nufin launin da bai fita ba, ya yi duhu-duhu kamar ruwan kududdufi. Kana iya faɗin haka game da fenti ko yadi ko da sabo ne dal.

Sama da ido da inji

Hazon hunturu, lokacin da ƙura ta rufe gari rana ta koma kamar farin faifai, sunansa *haze*, ranar kuma *hazy*. Masu hasashen yanayi kan ce *dust haze*. *Murky* na shiga ne idan duhu ya haɗu da hazon, kamar asuba mai hayaƙi ko yammacin hadari, kuma tana ɗauke da ɗan nauyin rai. Hayaƙin kwal da ya lulluɓe Landan daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952, har mutane suka kasa ganin gabansu, shi ne cikakken misalin *murk* a sama.

A gaban likita ka ajiye ta. Fitsarin da ba shi da haske *cloudy* ne, haka ma idon da yanar ido ta rufe. Ganin da ya koma dishi-dishi *blurred* ne. A gareji ma haka: baƙin mai da ya tsufa *dirty* ne, wanda ruwa ya shiga ya koma kamar shayi da madara, alamar gaskit ya ƙone, *milky* ne. Idan ka ce *murky* za a fahimce ka, amma ba ka ba da bayanin da zai kai ga gano matsalar ba.

Lauje cikin naɗi

A jarida, *murky* ta fi yawan fitowa inda babu ruwa ko ɗigo. Tana tafiya da wasu kalmomi da suka saba da ita: *a murky past*, *murky dealings*, *murky origins*, *the murky world of arms trading*. A nan tana ɗauke da abu biyu a lokaci guda, ba a san gaskiyar lamarin ba, kuma ana zargin akwai abin da ake ɓoyewa. Hausa tana da abin da ya yi daidai da wannan: akwai lauje cikin naɗi, akwai ƙumbiya-ƙumbiya, harkar ba ta fito fili ba. Kafin ka sa ta, ka tambayi kanka ko kana nufin zargin. Idan rashin bayani kawai kake nufi, *unclear* ce kalmarka. Dubi waɗannan:

*The cause of the fire is unclear.* Ba a san musabbabin gobarar ba, shi ke nan.

*The circumstances of the fire are murky.* Ba a sani ba, kuma labarin da ake bayarwa bai kwanta wa mutane ba.

Ɗan jarida da ya sa ta biyu a wurin ta farko ya shafa wa mai shago kashin kaji ba tare da ya ce komai ba. Wannan ne ƙarfin kalmar, kuma shi ne haɗarinta: tana zargi ba tare da ta kama suna ba. Idan ka rubuta cewa wani yana da *a murky past*, ka tabbata kana da abin da za ka nuna idan ya nemi ba'asi.

Ba kullum take da zargi ba. Idan ana maganar doka ko tsohon tarihi, *the law on this is murky* na nufin dokar ba ta fayyace ba, masana sun saɓa. *The word's origins are murky* na nufin asalin ya ɓace cikin tsufa. Abin da ke kusa da ita ne zai nuna maka wace ake nufi. Idan kuɗi, kwangila ko siyasa na wurin, zargi na nan.

Mutum kansa ba a kiransa *murky*. Tarihinsa, harkarsa, ko duniyar da yake ciki ake kira haka. Shi kuwa *a shady character* ne. *Shady* ta fi kai tsaye wajen zargi, kuma ta fi zama ta hira. *Sordid*, wadda asalinta na Latin ke nufin dauɗa, sai an riga an san abin kunyar sannan ake amfani da ita: *the sordid details* su ne bayanan da suka fito fili suka ƙazanta. Wato kafin bincike lamarin *murky* ne, bayan an bankaɗo shi ya zama *sordid*. *Opaque* kuma ta tsarin da aka gina don kada a gani ne, kamar asusun da ba a bayyana yadda ake kashe shi. Ita ce ta rahoton binciken kuɗi.

Salon maganar da ke da ruwa a ciki ba a sauya musu kalma, ko da ma'anar ta yi kusa. Wanda ya shigo da zancen da ya ƙara rikita muhawara ya yi *muddy the waters*. Mai cin riba daga rikicin wasu yana *fish in troubled waters*. Shiga abin da ba a taɓa yi ba *uncharted waters* ne. Bayanin da bai fito ba ana yi masa gatse da *clear as mud*. Sa *murky* a ɗaya daga cikin waɗannan yana lalata shi. *Murky waters* ita kaɗai tana aiki, *we are entering murky waters*, sai dai *the murky waters of politics* ta gaji. Jaridun Najeriya sun yi ta jan ta duk lokacin da wani malami ko ɗan kasuwa ya fito takara, har ta daina faɗin komai. Idan ta zo maka a alƙalami, ka tsaya ka faɗi abin da kake nufi: sayen wakilai ne, ko kuɗin da ba a san tushensu ba, ko alkawarin da ake yi a ɗaki.

Wajen mayar da ita Hausa, kada ka nemi kalma ɗaya. *Divers searched the murky water* ya zama "masu nutso sun yi ta lalube cikin dagulallen ruwan da ba a ganin komai". *A murky morning* "safiya ce mai duhun hazo". *The details remain murky* "har yanzu ba a gane kan lamarin ba". *His murky business dealings* "harkokinsa na rufa-rufa". Fassarar da ta ce "harkokinsa masu datti" ta riga ta yanke masa hukuncin da marubucin Turancin ya yi taka-tsantsan bai yanke ba, wadda ta ce "harkokinsa masu duhu" kuma za ta iya sa mai karatu ya ɗauka tsafi ake nufi.